Garin da Tama Ta Kafa, Ta Kuma Tayar

Kiruna gari ne a can ƙuryar arewacin Suwidin, kimanin kilomita 145 gaba da layin da masu taswira ke kira da'irar Aktik. Daga wajen 11 ga Disamba har a shiga sabuwar shekara rana ba ta leƙowa ko kaɗan, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli kuma ba ta faɗuwa. Babu abin da zai sa a kafa gari a irin wannan wuri in ba dukiya ba, dukiyar kuwa tana nan jibge a cikin dutsen Kiirunavaara: tama ce mai kyan gaske, shimfiɗe tsawon kilomita 4, kaurinta wajen mita 80, ta nutsa ƙasa har inda ba a gama sanin iyakarta ba. Saboda ita aka aza harsashin garin a 1900, ƙarƙashin jagorancin Hjalmar Lundbohm, manajan farko na kamfanin haƙar tama na LKAB a wurin. Saboda ita aka fasa duwatsu aka kai layin dogo har tashar jiragen ruwa ta Narvik a Norwe, wadda ruwanta ba ya daskarewa ko sanyi ya kai ina. Yau kuma saboda ita ake kwashe garin, unguwa bayan unguwa, ana mayar da shi kilomita 3 gabas.

Ni dai ba tama ce ta sanar da ni sunan Kiruna ba. Aminina ne, wanda muka yi makarantar kwana tare, gadonsa a sama nawa a ƙasa, muka ci gari da ƙuli a kwano ɗaya. Shi mai kan lissafi ne tun muna yara. Bayan jami'a ya samu gurbin ƙaro karatu a fannin injiniyan tauraron ɗan'adam, a reshen Jami'ar Fasaha ta Lulea da ke Kiruna. Da yawa ba su san garin yana da wannan sana'a ta biyu ba. Tun 1966 akwai cibiyar harba rokoki ta Esrange a dajin da ke gabas da shi, kuma da yake taurarin ɗan'adam masu kewaya duniya ta kudu da arewa suna yawan giftawa ta saman wannan yanki, an kafa manyan faya-fayen karɓar saƙonsu a nan. Da ya gama karatu aka riƙe shi aiki. Mahaifiyarsa ba ta iya faɗin sunan garin, sai dai ta ce yana can ƙasar da ba rana.

A hunturun 2011 wani kwas ya kai ni Sitokhom. Zumunta a ƙafa take, na ce ba zan zo ƙasar da yake ba in koma ban gan shi ba. Na hau jirgin ƙasa na dare da magariba, muka yi ta arewa, muka kwana muna tafiya, gari ya waye a agogo amma taga ba ta nuna alama ba. Sai can wajen hantsi wani haske shuɗi-shuɗi ya fara bayyana a gefen kudu, ya nuna mini dajin bishiyoyi sun sunkuya da nauyin dusar ƙanƙara, babu gida, babu hayaƙi, babu sawun mutum. Ko da muka isa Kiruna hasken ya fara janyewa.

Yana tsaye a bakin tsohuwar tashar jirgin, wani ginin jan bulo, da jaka a hannu. Kafin mu gama gaisawa ya buɗe ta ya fito da hula mai rufe kunne, da safar hannu ninki biyu, da wasu takalma masu nauyi, ya ce, "Malam, zauna nan ka sauya, waɗannan naka ba za su kai ka gida ba." Da na ja numfashin farko a waje na ji gashin hancina ya ƙage, hawaye suka taru, gashin ido ya fara mannewa. Dusar ƙanƙarar da muke takawa ƙara take yi, ƙiiƙ-ƙiiƙ, kuma ya gaya mini da jin wannan ƙarar mutanen garin ke gane sanyi ya yi ƙasa sosai, don in da sauƙi ba ta kuka. A kowane wurin ajiye motoci akwai ƙananan sanduna masu soket, kowace mota an ja mata waya an jona, domin injin ya kwana da ɗumi ya iya tashi da safe. Kowace taga a garin da fitila a cikinta, ko tauraron takarda mai haske, ko jerin kyandirorin lantarki guda bakwai. Yara na tafe makaranta da ƙananan abubuwa masu walƙiya rataye a riguna don direbobi su hange su.

Ɗakinsa yana hawa na biyu a wani tsohon bene na haya, kusa da tsakiyar gari. Abin da na fara lura da shi akwatinsa ne. Yana nan a gefen gado, rabin kayansa a ciki, bai taɓa juye shi duka ba. Bango babu hoto sai jadawalin lokutan salla da ya buga ya manna da salatif. Na fito masa da tsarabar gida, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, ya kwance ƙullin daddawar ya kai hanci ya daɗe bai ce komai ba. Da dare ya tuƙa mana tuwon semo, muka ci da hannu a ƙasa. Na tambaye shi zaman wurin, ya ce, "Baƙo raɓa ne, Malam. In na haɗa abin da zan haɗa, gida zan yi." Sunayen titunan garin ma bai damu ya riƙe ba. Ya san hanyar aiki, ya san kanti, ya san ɗakin da Musulmin garin ke haɗuwa ran Juma'a.

Salla ce ta fi ɗaure mini kai a wannan zuwan. Mu da muka tashi muna duba inuwa mu san azahar ta yi, ina za mu duba a garin da rana ba ta fito ba balle ta karkata? Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Malamai sun dogara da hadisin nan na Sahihu Muslim da ya yi maganar wata rana mai tsawon shekara, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su ƙiyasta lokutan salla. Daga nan fahimta ta rabu: wasu suna bin lokacin Makka, wasu na garin da ya fi kusa wanda dare da rana ke rarrabuwa a cikinsa, wasu na Sitokhom. A wancan lokacin azumi yana faɗowa ne a bazararsu, mutum ya yi buɗa-baki rana na tsaye tana kallonsa. Ya ce shekarar farko da ya sha ruwa da hasken rana a taga, sai da ya yi kuka, don zuciyarsa ta ƙi yarda ko da ilimi ya gamsar da kansa.

A daren farko, bayan ƙarfe ɗaya, na ji gadon ya ɗan girgiza, kofi ya yi ƙara a kan tebur. Na tashi zaune. Daga shimfiɗarsa ya ce in kwanta, nakiya ce, kullum a wannan lokacin ake fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa, sa'ad da ma'aikata suka fi ƙaranci a ramin. Washegari ya kai ni wani tudu inda ake hango dutsen tamar da fitilunsa jere hawa-hawa, da dogon jerin taragai 68 na jirgin tama yana fita zuwa Narvik, kowane tarago ɗauke da tan 100. Ya zana mini yadda abin yake da yatsa a kan dusar ƙanƙara. Tamar ba a miƙe ta nutsa ba, a karkace take, kuma karkatar ta nufo ƙarƙashin garin. Tun shekarun 1960 aka bar haƙa a fili aka koma ƙasa. Ana fasa tamar daga ƙasa a kwashe, dutsen da ke sama ya rufto ya cike gurbin, kamar mai ɗibar hatsi ta ƙasan rumbu, yana ɗiba saman na lotsawa. Duk zurfin da aka ƙara, tsagewar ƙasa sai ta ƙara matsowa gari. Tun 2004 kamfanin ya sanar da hukumar garin cewa ba makawa sai an tashi. Ya ba ni wannan labari ne yadda mutum ke ba da labarin ƙasar wasu, da sha'awar injiniya, ba abin da ya sha masa kai. Ya ce, "Kafin su iso nan ni na daɗe a gida."

Muka zaga gari a ƴan sa'o'in shuɗin hasken nan. Titunan ba su miƙe ba, sun yi ta lanƙwasa suna bin jikin tudu, kuma da gangan ne: Per Olof Hallman, wanda ya tsara garin, ya yi haka don kada iska ta samu doguwar hanyar gudu, an kuma ɗora garin a kan tudun Haukivaara saboda sanyi a kwari yake kwanciya. Muka shiga zauren majalisar gari na 1963, mai faffaɗan tsakar gida a rufe, inda tsofaffi ke zaune suna shan gahawa kamar ɗakinsu, da hasumiyar agogo ta ƙarfe a samansa. Muka tsaya gaban cocin garin, na katako, ja wur, da aka gama a 1912, wanda Gustaf Wickman ya zana da siffar bukkar mutanen Sami, makiyayan yankin. A 2001 mutanen Suwidin sun zaɓe shi gini mafi kyau cikin tsofaffin gine-ginen ƙasar. Ko wanda ba addininsa ba, in ya tsaya gabansa cikin farin nan, ya san an yi aiki.

Shekarun da suka biyo baya a waya na bi su. Ya zo gida ya yi aure, ya tafi da amaryarsa, ƴar Katsina, wadda ba ta taɓa wuce Kaduna ba. Aka haifi mace, aka haifi namiji. A 2013 aka rufe tashar jirgin da ya tarbe ni, daga baya aka rushe ta. A 2015 katafila ta shiga rushe unguwar Ullspiran. A shekarar ce kuma mutum wajen 163,000 suka nemi mafaka a Suwidin, har aka kai ɗaruruwansu wani masaukin masu wasan sulu a kan ƙanƙara da ke Riksgransen, kan iyakar Norwe, ana dab da shiga duhun hunturu. Ɗakin Juma'a ya cika da mutanen Siriya da Afganistan, ga Somaliyawa da Iritiriyawa da ke nan tun da. Na lura a hirarmu ya daina cewa "garin nan", ya koma cewa "wajenmu". A Mayun 2020 ya kira ni da asuba, ƙasa ta girgiza a ramin da ƙarfin da ya haura maki 4, duk gari ya farka, yara sun tsorata, amma ba wanda ya rasu. Ko a ranar bai yi zancen tattara kaya ba.

Na koma a Disambar 2025. Jirgin ya sauke mu a wata tashar wucin gadi a bayan gari, ga shi tsaye da furfura a gemu, ƴarsa a gefensa ta kusa kai kafaɗarsa. Ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Baffa," da Hausa mai kyau, sannan ta juya ta yi wa ƙaninta faɗa da yaren Suwidin don ya cire safar hannu. Wannan karon ma da jaka ya zo.

Sabon tsakiyar garin, wanda aka buɗe a Satumbar 2022, yana da kyau, ba zan rage masa ba. Zauren majalisa na yanzu, Kristallen, gini ne kewayayye da wani kamfanin zanen gine-gine na Denmak ya tsara, aka buɗe shi a 2018. An ɗauko hasumiyar agogon tsohon zauren an kafa ta a gefensa. Aminina ya ja ni har bakin ƙofa ya ce in cire safar hannu in kama mariƙin. Na katakon bishiyar yankin ne da ƙahon barewar Sami, aikin hannun wani gwanin Sami, Esaias Poggats, kuma su ne ainihin mariƙan tsohuwar ƙofar. Sun yi santsi, wurin da tafin hannu ke sauka ya ɗan lotsa ya yi duhu, shekara hamsin da ɗoriya mutanen gari suna kama su. Ya ce duk sanda ya zo sabunta wata takarda sai ya ɗan riƙe su kafin ya tura. Akwai ɗakin karatu, da otal mai tsawo, da kantuna a jere ƙarƙashin rufi. Amma titunan a miƙe suke, wurin kuma kwari ne, iska tana shigowa ta wannan kai ta fita ta wancan ba mai tare ta. Duk wanda na yi magana da shi ya ce sabon gari ya fi tsohon sanyi. Abin da Hallman ya kiyaye da fensir shekara 125 da suka wuce, masu kwamfuta sun sani sarai, sai dai ƙasar da ba tama a ƙarƙashinta, wadda kuma hukuma ke da ikon ginawa a kai, ba ta da yawa.

Ni na roƙe shi ya kai ni tsohuwar unguwarsa. Ya yi shiru, sannan ya ɗauki makullin mota. Mun tarar da shingen waya. Bayansa fili ne fari fat, sai sandunan fitilun titi da ba a cire ba tukuna, da ƴan bishiyoyi da ke nuna inda layin gidaje yake a da. Ya tsaya yana nuna mini da hannu: nan ne benen, nan matarsa ta fara taka ƙanƙara ta faɗi suka yi ta dariya, nan wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta koya mata yadda ake shirya jariri a kwantar da shi a keken turawa a waje ya yi barcin rana cikin sanyi, abin da da farko ta ɗauka rashin imani ne. Nan ne aka raɗa wa ƴarsa suna, Somaliyawa suka dafa shinkafa, maƙwabta Turawa suka cire takalma a bakin ƙofa suka zauna a ƙasa. Yana faɗin sunayen titunan ɗaya bayan ɗaya, titunan da babu su. Ya ce, "Wallahi Malam, ranar da suka sa injin a bangon nan ina wurin aiki, wani ya turo mini hoto. Na shiga bayi na kulle. Ban san gidan ya shiga raina haka ba."

Ban ce masa komai ba, don ban ga abin da zan ƙara ba. Mutumin da ya ƙi juye akwatinsa, ga shi yana makokin gidan haya a ƙasar da ba tasa ba. A ganina ranar nan ce ya zama ɗan gari, ba ranar da aka ba shi takardar zama ba. Shekaru yana lissafin zamansa da abin da ya tara da abin da ya rage ya tara, ashe a gefe guda wani abu na taruwa da bai sa a lissafi ba: hanyar da ƙafa ta haddace, maƙwabcin da ke share maka dusar ƙanƙarar ƙofa in ka yi tafiya, tagar da kake ɗaga kai ka duba ko an kunna fitila.

Uwargidansa tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma daga bakinta na fi jin ciwon abin. Da dare, bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo, ta ce, "Yaya, ai mu namu da sauƙi, mun taɓa barin gida, mun san yadda ake yi. Ka ga tsoffin nan, wani a ramin ya ƙare ƙuruciyarsa, ubansa ma haka. Ya san in ba ramin ba garin. Ba ya zagin kowa. Amma sai ya ce in tura shi bakin taga, ya yi ta duban wajen da gidansu yake." Ta ce akwai wadda kullum sai ta tambaye ta ko motar gari har yanzu tana tsayawa a gaban wani kanti, kantin da aka rushe tun shekaru. Takan ce mata tana tsayawa.

Dole a faɗi gaskiya, ban san inda aka tayar da gari da irin wannan tsari ba. Dokar ƙasar ta ɗora wa kamfanin biyan kuɗin ɓarnar da haƙarsa ta jawo. Mai gida yana da zaɓi, ko a ba shi kuɗin gidansa da ƙarin kashi 25 cikin ɗari, ko a ba shi wani a sabon wuri. Ɗan haya ana sama masa wani gidan, a riƙa ɗaga masa kuɗin a hankali cikin shekaru. Tsofaffin gidajen katako masu tarihi, har da gidan Lundbohm, an ɗora su a kan manyan motoci. Cocin ma haka. A ranakun 19 da 20 ga Agustan 2025 aka ɗaga shi, tan 672, aka ɗora a kan tayoyi 224, aka bi da shi hanyar kilomita 5 da aka faɗaɗa musamman, yana tafiyar da ba ta wuce rabin kilomita a sa'a ba. Sarki Carl Gustaf ya zo, gidan talabijin na ƙasa ya nuna kai tsaye. Aminina ya kai yaransa suka tsaya a bakin hanya. Na tuna mutanen tsohuwar Bussa, da aka tayar a 1968 lokacin da ruwan madatsar Kainji ya haɗiye garinsu don ƙasa ta samu lantarki. Su ba wanda ya ɗaukar musu gini, ruwa ya rufe komai. Bambancin yana da girma, kuma ina ganin duk mai shirin tayar da jama'a don dam ko ma'adini ya kamata ya zo ya ga yadda ake yi da mutunci. Duk da haka, abin da ke idon tsohon da ke bakin taga, na tabbata dattawan Bussa za su gane shi ba sai an yi musu tafinta ba. Coci yana hawa mota. Maƙwabtaka ba ta hawa, mutanen bene ɗaya sun watsu unguwa huɗu, wasu sun karɓi kuɗinsu sun yi kudu.

Akwai kuma waɗanda ba a cika sa su a hoton bikin ba. Kafin a san da tama, mutanen Sami ne ke kiwon barewarsu a wannan ƙasa, irin mai rassan ƙaho, suna hawa duwatsun yamma da bazara, su gangaro dajin gabas da hunturu. Ramin, da layin dogo, da titin mota, da garin kansa, duk a kan burtalinsu aka yi su. Makiyayan Sami na Gabna yanzu wata ƴar siririyar hanya ta rage musu a gefen gari. A Janairun 2023 kamfanin ya sanar da cewa a wurin da ake kira Per Geijer, arewa da garin, akwai sama da tan miliyan ɗaya na ma'adinan nan masu wuyar samu da ake sawa a injinan motocin lantarki da fankokin samar da wuta daga iska. Turai ta yi murna, don tana son rage dogaro da Sin. Makiyayan suka ce in aka haƙa nan, burtalin ya yanke ke nan. Duk wanda ya tashi inda ake rigimar burtali ya san cewa in hanyar dabba ta toshe, ba hanya kaɗai aka rasa ba, kiwon ne gaba ɗaya. Ina ganin kukansu yana kan gaskiya, kuma wutar da za a ce mai tsafta ce bai kamata a kunna ta da asarar mutanen da suka fi kowa daɗewa a wurin ba.

Sanyin kansa ma ya sauya. Yankin Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Ƙanƙarar kan ƙololuwar kudu ta dutsen Kebnekaise, wadda aka daɗe ana karantar da yara ita ce mafi tsawo a Suwidin, ta narke har awon 2019 ya nuna ta arewa ta fi ta. Aminina ya ce a shekarunsa na farko bai san ruwan sama a tsakiyar hunturu ba, yanzu yakan zo. In ya sauka a kan dusar ƙanƙara ya daskare, sai ya zama faranti mai tauri, barewar ta kasa tonowa ta kai ga farin tsiron da take ci a ƙasa, dole makiyayi ya sayi abincin buhu ko ya ga dabbarsa ta rame ta mutu.

Kuma tashin bai ƙare ba. Kwanaki kaɗan bayan an sauke cocin a sabon mazauninsa, kamfanin ya fito da sabon hasashe: tsagewar za ta wuce inda aka zata, wasu mutum wajen 6,000 kuma za su tashi, bayan kusan adadin haka na farko, a garin da bai kai mutum 20,000 ba. Aminina yana zuwa tarukan da hukumar gari ke kira. Yana da fayil na taswirori a kwamfutarsa, yana bin layin ja da ke nuna iyakar tsagewar yana gaya wa maƙwabta abin da lambobin ke nufi, don da yawa ba su iya karanta su ba. Na ji shi a waya yana yi wa wani bayani da yaren ƙasar, muryarsa ta ɗaga, ya ce mini daga baya a kan makarantar yara ne, suna so a gina sabuwar kafin a rufe tsohuwar, kada yara su yi hunturu biyu a ajin kwantena.

Ran Juma'a muka je masallaci, ɗaki ne a ƙasan wani gini, takalman sanyi jibge a bakin ƙofa suna ɗigar da ruwa. Azumi yanzu ya baro bazara, ya gangaro Fabrairu da Maris, nan da ƴan shekaru zai faɗo cikin duhun Disamba da Janairu, inda tambayar za ta juye: yaya ake azumtar yinin da bai wuce ƴan sa'o'i ba, ko wanda babu shi sam? Bayan an sallame aka taso da maganar, murya ta fara tashi tsakanin masu bin Makka da masu bin Sitokhom. Sai na ga an juyo ana duban aminina. Shi ne ya fi kusan kowa daɗewa a cikinsu, shi ke buga jadawali, shi ya san lissafin kusurwar rana. Ya ce a bari a rubuta wa malamai a kawo amsa a rubuce, kowa ya gani, kafin nan kada wanda ya ce sallar wani ba ta yi ba. Aka watse a kan haka.

A bakin ƙofa wani saurayi ya tare mu, ɗan Sudan, sabon ɗalibi, bai fi wata huɗu da zuwa ba. Idonsa ya faɗa, ya ce ba ya iya barci, ba ya iya karatu, yana tunanin ya ajiye ya koma. Aminina ya dubi ƙafarsa, ya ga takalmin da ke ciki, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, da farko waɗannan ba za su yi ba, akwai wasu a gida, lambarka nawa? Ka sayi ƙwayar bitamin D a kantin magani, ba sai da takardar likita ba. Kullum da ƙarfe sha ɗaya ka fito ka yi tafiya ko ta rabin sa'a ce, hasken nan kaɗan ne amma yana aiki, kada ka yarda ka wuni a ɗaki. Farkon Janairu rana za ta leƙo, daga nan kullum ƙaruwa take. Gobe bayan la'asar ka zo gida ka ci abinci, Hajiya za ta yi wake. Ka san motar da ke zuwa sabon gari? Kada ka hau ta gaban tsohon kantin, an ɗauke tashar. Kawo wayarka in sa maka."